Malamar Ɗakin Awo da Binciken da Ya Kuɓuce Mata

Haihuwa da asali

An haifi marigayiyar da jama'a suka fi sani da Malama a shekarar 1958, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa kan tsaya ya sauke fasinja ya wuce. Mahaifinta ma'aikacin tashar ne, mai kula da canjin layin dogo, mahaifiyarta kuwa tela ce da ke ɗinki da keken hannu a tsakar gida. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu da Allah Ya raya musu, amma ba su kaɗai mahaifiyar ta ɗauki cikinsu ba, domin tsakanin Malama da ƙanenta sai da ciki ya zube har sau uku.

Tun tana ƙarama ta lura da wani abu da ya tsaya mata a rai. Mahaifiyarta takan ɗinka wa matan unguwa rigunan jarirai tun cikinsu bai tsufa ba, amma ba ta taɓa sa almakashi a ƙyalle saboda nata cikin ba, sai ta ji kukan jaririn da kunnenta. Da yarinyar ta tambayi dalili, uwar ba ta ɗago kai daga keken ba, ta ce, "Ba na ɗinka wa baƙon da bai iso ba riga." Mahaifin kuwa dariya ya yi, ya ce wannan yarinya in ba a yi hankali ba sai ta tambayi jirgi dalilin da ya sa yake kuka.

Karatu

An sa ta makarantar firamare a shekarar 1965, ta wuce sakandaren 'yan mata ta kwana a 1972, inda malamanta suka shaide ta da nutsuwa da kyan rubutu da kuma taurin kai wajen gardama. A shekarar 1977 ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, ta kammala a 1981 da sakamako mai kyau. Mahaifinta bai ga wannan rana ba, domin ya riga mu gidan gaskiya tana aji biyu, kuma kuɗin ɗinkin mahaifiyarta ne ya ƙarasa ɗaukar ɗawainiyar karatun.

Fara aiki

A watan Oktoba na 1981 aka tura ta wani babban asibiti, aka ba ta ɗakin awon ciki. Doguwar baranda ce mai bencina uku, da ma'aunin nauyi da allurarsa ke rawa, da labulen da ya koɗe har ba a gane asalin launinsa. Mata kan cika wurin tun hantsi bai dubi ludayi ba, kowace da katinta a hannu. Aikin da aka ɗora mata shi ne ta auna jini da nauyi da tsayin ciki, ta saurari bugun zuciyar ɗan tayi, ta rubuta, ta kira ta gaba.

Sai dai ita idonta ba ya tsayawa a kan ma'auni. Ta ga akwai macen da za ta kwanta tana shafa cikinta tana yi masa hira, har ta raɗa masa suna na wasa. Ta ga akwai wadda idan aka ce mata ga bugun zuciyar ɗanki, sai ta kau da fuska zuwa bango ta ce, "To, Allah Ya sa." Wasu ma'aikatan kan ce irin waɗannan matan ba su da zuciya a ƙirji. Malama ba ta yarda ba, domin ta san fuskar, ta tashi tana ganinta a gidansu. Saboda haka ta ɗauki ɗabi'ar yi wa mata tambayar da ba ta cikin kati: yaya kike ji da cikin nan, wa ke taya ki aiki a gida, kin taɓa rasa wani? Layi kan yi tsawo, shugabar ɗakin kan yi faɗa, amma matan suka riƙa cewa a bar su su jira Sista mai tambaya.

Aure da iyali

A shekarar 1983 ta auri wani ma'aikacin ofishin filaye, wanda kowa ke kira Safiyo saboda aikinsa. Mutum ne dogo mai barkwanci, wanda kan gaya wa baƙi cewa gidansu gidan awo ne, shi yana awon ƙasa, uwargida tana awon ciki, kuma duk cikinsu babu wanda ya taɓa samun abin da ya auna ya zo daidai da abin da mai shi ya faɗa. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya uku: na fari a 1984, wanda ƙannensa ke kira Babban Yaya, na biyu a 1987, wanda ya gaji tsayin uban har sunan Dogo ya bi shi, sai mace ɗaya tilo a 1990, wadda har ta girma ta yi aure ba a daina kiranta Auta ba.

Auta ce ta fi kama da uwar a hali: ba ta da yawan magana, kuma abin da ke cinta ba ya fitowa a fuskarta sai ya riga ya yi mata illa.

Komawa jami'a da bincike

Da yara suka tasa, Malama ta koma karatu. Ta yi digirin farko a 1994, na biyu a 2000, sannan jami'ar ta ɗauke ta koyarwa a sashen jinya, inda sunan Malama ya maye gurbin Sista. A shekarar 2002 ta fara aikin digirin digirgir, kuma batun da ta zaɓa shi ne shaƙuwar uwa da abin da ke cikinta tun kafin haihuwa. Wasu manyan sashen suka ce wannan ai ba ilimi ba ne, hirar mata ce a bakin benci. Ta haɗiye, ta ci gaba.

Shekara shida ta yi tana bin mata masu juna biyu, daga ranar awon farko har yaransu suka fara tafiya. Ta shiga gidajen haya masu ɗaki ɗaya, ta zauna a bayan shaguna, ta jira mata a ƙofar masana'antu su tashi daga aiki. Wasu suka ƙaura ba sallama, wasu mazansu suka hana, wasu kuma ta je ta tarar ana zaman makoki. Safiyo ne ke kai ta a tsohuwar motarsa ranakun Asabar, ya zauna a inuwa yana karanta jarida har ta fito.

Abin da ta gano a cikin matan da ta bi shi ne, waɗanda ba su nuna shaƙuwa da cikinsu ba galibi ba ƙiyayya ce ta hana su ba. Mafi yawansu sun taɓa rasa ciki ko jariri, ko kuwa aiki da rashin lafiya da rashin mataimaki sun yi musu katutu, tsoro ya sa suka riƙe zuciyarsu kada su saki jiki a sake yi musu rashi. Ta kuma ga cewa jariransu kan ɗan fi zuwa da ƙarancin nauyi, amma idan aka cire tasirin talauci da cuta da kaɗaici daga lissafin, sai bambancin ya ɓace. Bayan haihuwa kuma, akasarin waɗannan iyaye sun rungumi 'ya'yansu kamar kowace uwa. Darasin da ta fitar a taƙaice shi ne, idan aka ga mai ciki ta yi sanyi, a tambaye ta abin da ke damunta, kada a zarge ta. Ta kare kundinta a 2008, kuma a shekarar 2011 wata mujallar ilimi ta ƙasashen waje ta wallafa maƙalarta a intanet.

Shekarun shiru

A gefen shafin da aka sa maƙalar akwai wani ɗan akwati da ke nuna adadin waɗanda suka leƙa, da waɗanda suka sauke cikakkiyar takardar, da yawan ambatonta a shafukan sada zumunta. Malama, wadda ta yi shekara talatin tana karanta fuskokin mata, sai ta koma karanta wannan akwati. Kowace safiya, kafin ta shiga aji, takan kunna kwamfutar ofis ta duba. Shekara ta zagayo masu leƙawa ba su cika ɗari biyu ba, wurin ambato kuwa sifili ne zaune daram.

Safiyo kan yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. Wata rana ya ce mata, "Malama, kada ki damu, rabin mutanen nan ni ne. Kullum sai na buɗe a ofis, har masinjanmu ya haddace sunanki." Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

A daidai wannan zamani ne jami'ar ta fara auna malamai da irin waɗannan alƙaluma. Sau biyu tana neman ƙarin girma, a 2013 da 2015, ana mayar mata da takardunta da bayanin cewa aikinta bai yi tasiri a idon duniya ba. Ɗaliban da ta koyar suka zo suka wuce ta. Tsakanin waɗannan shekaru biyu kuma, a watan Yunin 2014, Safiyo ya faɗi a wurin aiki sakamakon hawan jini, ya kwana uku a asibiti, ya cika. Gidan ya yi mata faɗi. Babban Yaya da Dogo sun riga sun yi iyali a wasu garuruwa, Auta kuma ta yi aure tun 2012, tana gidan mijinta a ɗaya gefen birnin, shiru babu haihuwa.

Shekarar da sunanta ya zaga

A farkon shekarar 2017 wani mai shafin shawarwarin iyali, wanda ke da ɗimbin mabiya, ya ci karo da taƙaitaccen bayanin maƙalar. A ciki akwai jimlar da ta ce an ga alaƙa tsakanin ƙarancin shaƙuwa da ƙarancin nauyin jariri, sai kalmar "amma" ta biyo baya da sauran bayanin. Mutumin ya tsaya kafin "amma". Ya haɗa hoton wata mata tana kuka, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa bincike ya tabbatar uwar da ba ta ƙaunar cikinta ita ke cutar da jaririnta, ya sa sunan Malama da na jami'arta a ƙasa don a san ba shi ya ƙirƙira ba.

Cikin mako guda rubutun ya zaga kamar wutar daji. An fassara shi zuwa harsuna da dama, an yi masa murya, an yi masa bidiyo. Masu sayar da maganin gargajiya da na zamani suka ɗauka suna tallar abin da zai ƙara wa uwa son cikinta. Akwatin da ya yi shekara shida yana barci ya farka, masu leƙawa suka haura dubu ɗari. Sai dai layin da ke nuna waɗanda suka sauke cikakkiyar takardar bai motsa ba sai kaɗan. Mutane na zuwa su ga sunan, su tabbatar akwai shi, su juya.

Shugaban sashen ya kira ta ofishinsa, ya miƙe tsaye ya tarbe ta, abin da bai taɓa yi ba.

"Malama, kin fitar da mu kunya," in ji shi. "Duk tsangayar nan babu takardar da ta taɓa samun irin wannan ambato."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba abin da na rubuta suke yaɗawa ba. Kishiyarsa ce ma."

"Wa ya ce sai sun fahimta? Su dai su ambata. Masu auna mu lamba suke gani, ba sa tambayar me aka ce. Ki bari ƙurar ta kwanta, daga baya sai ki yi gyaranki a tsanake."

Gaskiyar tarihi ita ce Malama ta bari. Ta san ya kamata ta fito ta ƙaryata tun a makon farko, har ta fara rubutawa, amma kullum sai ta ce gobe. Bayan shekarun da aka yi ana wuce ta a baranda kamar ba a gan ta ba, yanzu ana tsayar da ita ana gaisuwa, ana gayyatarta taro, wayarta ba ta hutawa. Ta gaya wa kanta cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma cikin dubban nan dole a sami masu karantawa har ƙarshe. A watan Mayu jami'ar ta ba ta lambar yabo ta binciken da ya fi jan hankalin jama'a, ta sa sabon lulluɓi ta je ta karɓa, aka ɗauki hoto. A watan Yuli aka yi mata ƙarin girman da aka hana ta sau biyu.

Abin da ya sami Auta

A cikin wannan shekara ne Auta ta sami ciki, bayan shekara biyar tana jira da ɓari biyu da ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta. Cikin ya zo mata da laulayi mai tsanani da fargaba. Ba ta sayi ko hular jariri ba. Idan dangin miji suka zo suna murna suna shafa mata ciki, sai ta janye jiki ta ce tana jin amai. Malama ta ga alamar, ta gane ta sarai, amma lokacin tana tsakiyar tafiye-tafiyen taro, ta ce a ranta idan ta dawo za su zauna.

A watan Satumba naƙuda ta taso wa Auta cikin yana wata bakwai. Ta haifi namiji bakwaini, aka sa shi a kwalba, ya yi kwanaki yana fama, sannan ya koma ga Mahaliccinsa. Ba a daɗe ba wata ƙanwar mijin ta tura wancan rubutu a zauren dangi da ke waya, inda Auta take ciki. Ƙanwar mijin ba ta ƙara komai a kai ba, sai cewa, "Allah Ya sa mu gane. Kuma fa mahaifiyarta ce ta yi binciken."

Washegari da hantsi Auta ta zo gidan uwar. Ta tarar da ita a falo tana duba takardun ɗalibai. Ba ta zauna ba, ta miƙa mata wayar.

"Mama, ke kika rubuta wannan?"

Malama ta duba. Ta ce, "Auta, zauna. Ba haka na rubuta ba, yanke maganar aka yi."

"Sunanki ne a ƙasa ko ba naki ba?"

"Nawa ne."

"Tun yaushe kika san yana yawo?"

Malama ta ce, "Tun farkon shekara."

Auta ta dubi lambar yabon da ke jingine a kan kabad, ta dawo da idonta kan uwar. Ta ce, "Mama, ni fa tun yana cikina na karanta shi. Kullum sai na sa hannu a cikin nan in ce ki so shi, ki so shi, kada ki kashe shi. Sai in ji tsoro kawai. Na so in tambaye ki, na ce ai ke kika gano, me za ki ce min?"

"Da kin tambaye ni, 'yar nan. Wallahi da kin tambaye ni."

"Ke da kike tambayar matan duniya, Mama, me ya hana ki tambaye ni?"

Malama ta tashi za ta riƙe ta, Auta ta ɗauki wayarta da jakarta ta fita. Masu kusanci da gidan sun ce daga wannan rana ba a sake jin Malama ta yi dariya mai sauti ba.

Ƙoƙarin gyara

A watan Nuwamban 2017 ta fitar da bayanin gyara cikin harshe mai sauƙi, ta nemi ofishin yaɗa labarai na jami'ar ya wallafa. Aka ja ta watanni, daga bisani aka sa shi a can ƙasan wani shafi da ba mai zuwa. Ta rubuta wa mai shafin shawarwarin har sau da dama, ya amsa sau ɗaya cewa ya gode da kulawarta, kuma mabiyansa sun amfana ƙwarai. Dogo ya taimaka mata ta ɗauki bidiyo tana zaune a ofis tana bayani dalla-dalla. Waɗanda suka kalla ba su kai masu cika aji biyu ba, kuma cikin 'yan kaɗan da suka yi sharhi akwai wanda ya rubuta cewa an biya ta ne ta janye gaskiya.

Ta kuma fara samun saƙonni daga matan da ba ta sani ba. Wata ta ce mijinta ya nuna mata rubutun ranar da aka sallame su daga asibiti hannu biyu, babu jariri. Wata ta tambaya ko akwai gwajin da za a yi mata a gane ko son da take yi wa cikinta ya isa. Malama ta ɗora wa kanta amsa kowane saƙo da hannunta, wani lokaci har ta nemi lamba ta kira. Ta sauke lambar yabon daga kan kabad, ta kuma daina buɗe shafin mujallar kwata-kwata. Da wani ɗalibi ya zo da murna yana gaya mata adadin ya ninka, ta ce masa, "Magana zarar bunu ce, ɗana. Wannan lissafin ɓarna kake kawo min."

Daga shekarar 2018 ta nemi izinin asibitin da ta fara aiki, ta koma ɗakin awo ranakun Talata ba tare da albashi ba. An canza bencina zuwa kujerun roba, an kawo na'urar hoton ciki, kuma kusan kowace mace na riƙe da waya. Takan tsaya a gabansu kafin a fara kiran suna, ta ce ita ce wadda aka sa sunanta a wancan rubutu, ta gaya musu abin da ta gano da bakinta. Wasu kan saurara har su yi ƙwalla, wasu kan ci gaba da danna waya. Ta san cokali take sawa tana kwashe kogi, amma ba ta fasa ba har ƙafafunta suka gaza.

Tsakaninta da Auta kuwa zumunci bai yanke ba, sai dai ya zama na gaisuwa. Auta kan zo, ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi jiki, ta share mata ɗaki, ta tafi. Malama ta buga mata cikakkiyar maƙalar a takarda ta ba ta, Auta ta karɓa da hannu biyu ta sa a jaka, ba ta taɓa cewa ta karanta ko ba ta karanta ba. Mijinta mutumin kirki ne, ya tsawata wa ƙanwarsa, ya kuma fitar da matarsa daga zauren dangin, amma abin da ya shiga zuciya ya riga ya shiga.

A shekarar 2021 Auta ta sake samun ciki. Ba ta gaya wa uwar ba sai da ya fito fili, ya kai wata shida. Malama ta dube ta ta ce, "Yaya kike ji da shi?" Auta ta ce, "Tsoro nake ji, Mama." Malama ta ce, "Ji abinki. Tsoron ma so ne, bai sami wurin zama ba ne kawai." Ranar Auta ta kai har la'asar a gidan, ta yi barci a kan gadon uwar. A watan Disamba ta haifi mace lafiyayya.

Ritaya da jinya

Malama ta yi ritaya daga jami'a a shekarar 2023, bayan shekara arba'in da biyu tana aiki tsakanin asibiti da aji. A wajen taron ban kwana shugaban tsangaya ya karanto adadin waɗanda suka leƙa maƙalarta, aka yi tafi. Da aka ba ta abin magana ta yi godiya a taƙaice, ta roƙi duk wanda ke ɗakin ya daure ya karanta takardar har ƙarshe, ko da shi kaɗai ne, ta zauna.

Ciwon suga da ta daɗe tana fama da shi ya taɓa mata ƙoda a ƙarshen wannan shekara. Aka fara yi mata wankin ƙoda, Babban Yaya ya nemi ta koma gidansa, ta ƙi. Auta ce ta tattaro kayanta da 'yarta ta dawo gidan don jinya. Ita ke yi mata wanka, ita ke kai ta asibiti, ita ke zama a gefen gadon tana riƙe da hannun da aka sa wa allura. Wata rana a ɗakin wankin ƙodar Malama ta ce mata, "Auta, ki yafe min watannin nan da na yi shiru." Auta ta gyara mata bargo ta ce, "Na yafe, Mama. Ki daina magana, jininki zai hau." Ba su sake tayar da zancen ba.

Rasuwa

Allah Ya yi wa Malama rasuwa da safiyar wata Alhamis a watan Agustan 2024, a asibitin da ta fara aiki, tana da shekara sittin da shida. An yi mata sutura a gidanta, aka sallace ta bayan azahar, aka kai ta makwancinta a maƙabartar da aka binne mijinta shekara goma da suka gabata. Tsoffin ɗalibanta sun halarta, haka abokan aikin marigayi Safiyo. A cikin gida kuma an ga mata da yawa da dangi ba su san su ba, wasu da goyo, wasu da manyan 'ya'ya, waɗanda suka ce a ɗakin awo suka san ta.

Jami'ar ta fitar da sanarwar ta'aziyya a shafinta, ta bayyana ta a matsayin masaniyar da bincikenta ya tabbatar wa duniya cewa rashin ƙaunar uwa ga cikinta na cutar da jariri. Wanda ya rubuta sanarwar daga intanet ya kwaso bayaninsa. Auta ce ta gani a ranar bakwai, ta bar masu gaisuwa a falo, ta tafi ofishin da kanta, ta zauna ta ce ba za ta tashi ba sai an canza. Da jami'in ya tambaye ta me za a rubuta, ta faɗa masa sakamakon binciken tiryan-tiryan, da adadin matan da shekarun da abin da ya biyo bayan "amma", ba tare da ta duba takarda ba. An canza jimlar kafin a tashi aiki, bayan an riga an yaɗa ta farkon.

Marigayiyar ta rasu ta bar ƙanenta guda ɗaya da 'ya'ya uku: Babban Yaya, mai harhaɗa magunguna, da Dogo, malamin makarantar koyon sana'a, da Auta, ma'aikaciyar ɗakin karatu. Ta kuma bar jikoki bakwai, kamar yadda aka sanar a wajen jana'iza. Auta dai, duk wanda ya tambaye ta jikokin mahaifiyarta nawa ne, takwas take cewa.

Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.